Tambaya da Amsa: Kifin Beta a Ƙaramin Akwatin Gilashi

Tambaya: Assalamu alaikum. Ƙanena ya saya wa 'yata kifin ado guda ɗaya, shuɗi mai faffaɗar jela, wanda mai sayarwa ya ce sunansa beta. A cikin kwalba aka kawo shi, aka ce mana a haka yake rayuwa, ba ya buƙatar komai sai abinci. Da farko yana da kuzari, amma tun da hunturu ya shigo sai ya kwanta a ƙasan kwalbar, ya naɗe jela, ya rage cin abinci. Ina so in mayar da shi akwatin gilashi mai tsirrai. Ta ina zan fara? Daga wata uwa a Gwammaja.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Alamomin da kika lissafa sun fi kama da na sanyi da gurɓatar ruwa, kuma kwalbar ce tushen duka biyun. Maganar mai sayarwa tana da ɗan asali, shi ya sa take yaudarar mutane. Wannan kifi, wanda masana suke kira Betta splendens, ɗan ƙasar Tailan ne da maƙwabtanta, inda yake zama a fadamun shinkafa da ruwaye marasa zurfi. Allah Ya yi masa wata gaɓa a kai wadda yake shaƙar iska da ita kai tsaye daga saman ruwa, saboda haka ba ya saurin mutuwa a inda wani kifin zai shaƙe. To amma fadama, komai rashin zurfinta, tana da faɗi, tana da ɗumi, tana cike da ciyayi masu tsabtace ta. Kwalba ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Beta yana son ruwa mai ɗumin digiri 24 zuwa 28 a ma'aunin Salsiyas. A Kano kuwa, daren Disamba da Janairu yakan sauka ƙasa da digiri 15, kuma ruwan da bai wuce lita ɗaya ba yana bin sanyin ɗaki cikin ɗan lokaci, ya sake ɗaukar ɗumi da rana. Wannan hawa da sauka ne yake karya garkuwar jikinsa, har ruɓewar jela da farin ƙuraje su samu hanyar kama shi. Tun daga yau, ki ɗauke kwalbar daga kusa da taga ko kan tayil, ki kai ta ƙuryar ɗaki, ki naɗe ta da tawul da dare, sannan ki riƙa sauya kashi ɗaya cikin uku na ruwanta kullum da ruwan da ya kwana a ɗakin. Kada a zuba masa ruwan zafi don a ɗumama shi, domin canjin gaggawa ya fi sanyin illa.

Akwatin da za ki sa a yanka miki kada ya gaza lita 20. Mai tsawon santimita 40, faɗi 25, tsayi 25 yana cin lita 25, wato kimanin jarka ɗaya ta 'yan garuwa, kuma mai tsawo a kwance ya fi mai zurfi, tunda kifin yana yawan hawa sama ya shaƙi iska. Lalle ne a yi masa murfi, domin beta yana tsalle, ga kuma ƙurar hunturu. Hitar ɗumama ruwan akwatin kifi mai wat 25 wadda take kashe kanta idan ruwa ya kai ɗumin da aka saita ta wadatar, tare da ma'aunin zafi. Idan an ɗauke wuta a daren sanyi, a lulluɓe akwatin da bargo. Yawan ruwan da kansa zai riƙe ɗumi na wasu sa'o'i, kuma wannan na cikin manyan dalilan da suka sa na nace a kan girman akwati. Wajen tace ruwan kuwa, matatar soso mai aiki da ƙaramin famfon iska ta fi dacewa, saboda jelar beta tana da nauyi, ba ya iya kokawa da igiyar ruwa mai ƙarfi. Akwai famfunan da ake jonawa da USB, waɗanda batirin cajin waya zai iya tafiyar da su.

Yanzu sai abin da ido ba ya gani. Kashin kifi da ragowar abinci suna rikiɗa su zama amoniya, wadda guba ce ko da kaɗan ce. Wasu bakteriya masu amfani, da suke zama a jikin soso da tsakuwa, su ne suke juya ta zuwa wani sinadari mai sauƙin illa da tsirrai suke sha, kuma sukan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin su yawaita a sabon akwati. Da kifin yana cikin lafiya a wuri mai kyau, da na ce ki jira wannan lokaci ya cika. Amma a halin da yake ciki, ra'ayina shi ne ki haɗa akwatin, ki bar shi ya yi kwana biyu ko uku ɗuminsa ya daidaita, ki mayar da shi, sannan ki riƙa sauya rubu'in ruwan sau biyu a mako har tsawon mako 6, daga nan sau ɗaya a mako. Ba a wanke soson da ruwan famfo ko sabulu. A cikin tsohon ruwan da aka ɗebo daga akwatin ake matse shi. Ruwan famfo yana iya ɗauke da kulorin, don haka a ɗiga masa maganin cire kulorin da masu kayan kifin ado suke sayarwa. Ruwan burtsatse ba shi da wannan matsala, sai dai a tsaya a kan burtsatse ɗaya, a daina sauye-sauye.

Game da tsirrai, ki fara da anubiyas, wanda asalinsa ma na Afirka ta Yamma ne, har da kudancin Nijeriya da Kamaru. Ba ya buƙatar haske mai yawa ko taki, kuma beta yana son kwanciya a kan faffaɗan ganyensa. Kuskuren da aka fi yi shi ne binne kaurin jijiyarsa a cikin yashi, sai ta ruɓe. Ɗaure ta ake yi da zare a jikin dutse ko icen da aka tanada don akwatin kifi. Haka ake yi wa wani tsiron ruwa da ake kira ganyen Jaba. Kainuwarmu ta gida ma tana da amfani ƙwarai, domin tana shan dattin ruwa da sauri, tana kuma yi wa kifin inuwa. Sai dai wadda aka ɗebo daga kududdufi takan zo da ƙwari da ƙazanta, don haka a wanke ta, a ajiye ta a roba daban na mako 2 ana sauya mata ruwa, kuma a riƙa rage ta kada ta rufe saman ruwan duka ta hana kifin numfashi. Fitilar LED ta sa'a 6 zuwa 8 a rana ta isa. Hasken rana kai tsaye gansakuka yake kawowa, a bazara kuma, lokacin da zafin Kano yake haura digiri 40, yana iya hallaka kifin. A watannin nan a cire hita, a ɗan ɗaga murfi, a sa raga, a bar fanka tana kaɗa saman ruwan.

Abinci kuwa, beta mai cin ƙwari ne. Ƙwaya 3 ko 4 na abincinsa na musamman, safe da yamma, sun wadatar, kuma kada a ba shi burodi ko tsakin masara. Ki ja kunnen yara a kan wannan, domin ƙauna ce take sa su cika masa abinci, ragowar kuma ita take ɓata ruwa. Da kulawa irin wannan yakan yi shekara 2 zuwa 4.

Tambaya: Malam, nawa kifin yana tara kumfa a saman ruwa. Ciwo ne? Kuma zan iya ƙara masa ɗan'uwa don ya daina kaɗaici? Daga wani ɗalibi a Rijiyar Zaki.

Amsa: Ɗan'uwa, kumfar ba ciwo ba ce, sheƙa ce da namijin yake ginawa don ajiye ƙwai, kuma yakan gina ta ko babu mace a kusa. Ƙara masa wani namiji kuwa, kada ka soma. Maza biyu a akwati ɗaya za su yi ta faɗa har su yayyaga juna, wani lokaci ɗaya ya mutu, kuma haɗa dabbobi faɗa zalunci ne da bai kamace mu ba. Macen ma ba a barin ta tare da shi a ƙaramin akwati, domin zai yi ta korar ta. Zaman kaɗaici ɗabi'arsa ce.

Tambaya: Muna fesa maganin sauro kowane dare a ɗakin da akwatin yake. Akwai damuwa? Daga wani magidanci a Hotoro.

Amsa: Akwai babbar damuwa, Alhaji. Sinadaran da suke cikin yawancin maganin sauro, na fesawa da na kunnawa, guba ce mai ƙarfi ga kifi, ga shi kuma beta yana shaƙar iskar ɗakin da kansa, famfon iska ma yana tura ta cikin ruwa. Mafi alheri shi ne a mayar da akwatin ɗakin da ba a fesawa, ko a koma amfani da gidan sauro. Idan fesawar ta zama dole, a kashe famfon, a rufe akwatin ruf da leda da tawul, kada a buɗe sai an buɗe tagogi warin ya fita gaba ɗaya, kuma wanda ya yi feshin ya wanke hannunsa sosai kafin ya taɓa ruwan ko abincin kifin.