Filin jirgin Katsina na sojoji ne ko na farar hula?

Malam, ka ce ka je rakiyar mahaifiyarka aikin Hajji, sai ka hango helikwaftan yaƙi a gefe, har kake tambayar ko sojoji sun karɓe filin ne. A'a, ba su karɓe shi ba. Filin jirgin Umaru Musa 'Yar'adua na fasinja ne, sai dai sojojin sama suna da sansaninsu a jikinsa, titin tashi da sauka kuma ɗaya ne. A filin Malam Aminu Kano da na Maiduguri ma sojojin sama suna da sansaninsu a jikin filin fasinja.

Dalili kuwa ba ɓoyayye ba ne. Shimfiɗa titin jirgi kuɗi ne mai yawa, ga shi dajin Rugu da iyakar Nijar ta wajen Jibiya suna kusa, daga nan jirgi zai isa Batsari ko Safana cikin 'yan mintoci, ya ma leƙa Zamfara. In da daga Kaduna zai taso, da kafin ya zo 'yan bindiga sun shige daji da shanun mutane.

Abin da zan ja kunnenka a kai shi ne waya. Ɗana ya taɓa ɗaga tasa zai ɗauki hoton ɓangarensu, nan take wani soja ya yafito shi, sai da ya goge a gabansa.