Wani tsiro ya fito da kansa a gidana, ya halatta in yi magani da shi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ina da ɗan lambu a gefen rariya, alayyahu da yakuwa nake shukawa, to bana bayan na zuba takin awaki sai ga wani tsiro ya fito ba ni na shuka ba. Ganyensa faffaɗa, furensa fari dogo kamar kakaki, 'ya'yansa dunƙule masu ƙaya. Maƙwabciyata ta ce asiri ne aka binne min, wata kuma ta ce maganin asma ne in dafa wa yarona kaɗan. Menene hukunci?

AMSA: Wa alaikumus salam. 'Yar uwa, da fari kar ki ba yaron nan komai daga jikin tsiron. Ni ban gani da idona ba, amma siffar da kika kawo, fure fari kamar kakaki da 'ya'ya masu ƙaya, siffar zaƙami ce, wanda wasu ke kira haukata yaro, kuma sunan ma ya isa gargaɗi. Ki tsinko reshe da furen ki nuna wa malamin gona ko wani dattijon manomi ya tabbatar miki, kar ki dogara da hoton waya.

Asali duk abin da ƙasa ta fitar halal ne. Da tafasa ce ko lalo suka fito miki da na ce ki yi kwaɗo da miya ki gode Allah. Abin da ya canza hukuncin naki shine ba ki san shi ba, sannan bakin yaro za ki kai shi.

To akwai masu cewa ai kaɗan ba laifi, har su kafa hujja da littafanmu na Malikiyya, kuma maganar tana nan. Shehu Dardir a sharhinsa na Mukhtasar Khalil ya raba masu gusar da hankali uku, mai sa maye kamar giya, da mai ɓata hankali kamar wiwi, da mai kwantarwa wanda ke ɗauke hankali da ji gaba ɗaya, kuma misalin da ya bayar na ukun shine datura, wato zaƙamin nan. Ya ce biyun ƙarshe ba najasa ba ne, kuma abin da ya taɓa hankali ne haram daga cikinsu. Na yarda. Amma wa zai auna miki kaɗan ɗin? Dafin zaƙami ba ɗaya yake ba, na tsaba ya fi na ganye, na wannan tushe ya bambanta da na wancan, sannan tazarar da ke tsakanin abin da ake kira magani da abin da ke kisa ƙanƙanuwa ce, balle a jikin yaro. Shehun sharaɗi ya sa, ke kuma a kicin da tukunya da ludayi ba ki da hanyar cika sharaɗin, sai bayan yaro ya sha za ki gane ya yi yawa, baki ya bushe ido ya buɗe jiki ya ɗau zafi yana sambatu yana kama abin da babu. Mazhabar da suke jingina da ita ai ita ce ta fi kowa toshe ƙofar ɓarna. Dan haka dafa wa yaro shi haram ne, ko ba dan maye ba, dan cutarwa. Asma ki kai shi asibiti.

Abin da za ki amfana da shi a maganar Shehun shine tsarki, in ruwansa ya taɓa zaninki ki yi sallarki, hannu dai ki wanke da sabulu kar ki murza ido.

Batun asiri kuma, ke da kanki kin ba da amsa, kin ce bayan taki ya fito. Taki da ruwan rariya suna kawo iri kala-kala. Kar ki bari wannan maganar ta sa ki fara kallon abokiyar zama ko dangin miji da wani ido, zato ne kuma za a tambaye ki a kansa. Ita maƙwabciyar ki rage kai mata labarin gidanki.

In an tabbatar shi ne, ki sa leda a hannu ki tumɓuke shi tun 'ya'yan ba su bushe sun fashe ba, in ba haka ba baɗi lambun ya cika. Kar ki watsar a bola, akwai samarin da ke nemansa su zuba a zoɓo, kar kuma ki bayar ko ki sayar wa wanda kika san abin da zai yi. Ki haƙa rami mai zurfi ki binne. In Allah ya kiyaye wani yaro ya riga ya ci, manja da madara ba sa karya shi, ku wuce asibiti da sauran tsiron a leda likita ya gani.

Wallahu a'alam.