Tazarar haihuwa a asibitin gwamnati: likita ya amsa tambayoyinku

Tambaya: Likita, an ce allurar tazarar haihuwa kyauta ce, amma a asibitin sha-ka-tafi na unguwarmu sai da na biya kuɗi. Hakan daidai ne?

Amsa: Malama, tun 2011 Gwamnatin Tarayyar Najeriya ta mayar da kayan tazarar haihuwa kyauta a asibitocin gwamnati. Abin da aka fi karɓar kuɗinsa shi ne kati, safar hannu, auduga da gwajin ciki. Ki nemi a faɗa miki abin da kika biya wa, a kuma ba ki rasit.

Tambaya: Wata uku ke nan da aka sa mini ashanar tazarar haihuwa a dantse, jini kamar na al'ada yana ta ɗiga. Da na koma a cire, sai aka ce in yi haƙuri sai bayan shekara uku.

Amsa: Hajiya, rikicewar al'ada a watannin farko abu ne sananne ga mai ashana, ko Implanon ce ta shekara 3 ko Jadelle ta shekara 5, kuma galibi ba shi da haɗari. Laifin yana ga wanda ya sa miki ita bai zaunar da ke ya yi miki wannan bayani ba, domin macen da aka faɗa wa tun farko ba ta cika firgita ba, wadda kuwa aka ɓoye wa takan yanke ƙafa da asibitin, har ta hana maƙwabtanta zuwa. Akwai magungunan da ke rage zubar. Idan duk da haka kin fi son a cire, haƙƙinki ne a kowane lokaci, shekarun nan iyakar aikinta ne kawai. In sun ƙi, ki tafi babban asibiti. Idan jinin ya yi yawa har kina jin jiri, kada ki jira gobe.

Tambaya: Matata tana da hawan jini, an ba ta ƙwayoyin tazarar haihuwa ba tare da an auna ta ba.

Amsa: Malam, wannan sakaci ne. Ƙwayoyin da ke ɗauke da sinadarin estrojen suna ƙara haɗarin shanyewar ɓarin jiki ga mai hawan jini. Ta dakatar da su, ku yi amfani da kwaroron roba, sannan ku koma tare da fakitin a auna ta. Ashana, robar mahaifa ko ƙwayar da ba ta da estrojen sun fi dacewa da ita.