'Ya'yan jatan lande: iri ne ko dashe?

Tambaya: Wani ɗalibi mai karatun kiwon kifi ya rubuto yana cewa, "Malam, a darasinmu ƙananan jatan landen da ake zubawa a tafkin kiwo ana kiransu iri. In na ce 'irin jatan lande' na yi daidai kuwa? Ai ba shuka shi ake yi ba."

Amsa: Ba ka yi kuskure ba. Iri a Hausa bai tsaya ga gero da dawa ba, shi ya sa makiyayi zai sayar da tumakinsa ya ce ya bar guda biyu don iri. Sai dai kalmar baki biyu gare ta. Kana cewa "irin jatan lande", mai sauraro zai iya ɗauka nau'i kake nufi, ya tambaye ka wanne: mai fararen ƙafafu, ɗan asalin gaɓar teku daga Meziko zuwa Peru, ko mai baƙin ratsi na tekunan Asiya?

Sai mu duba abin da ake saya ɗin. Uwa guda ta mai fararen ƙafafu takan zubar da ƙwai 100,000 zuwa 250,000, su ƙyanƙyashe kafin kwana ya cika. Abin da ke fitowa bai yi kama da jatan lande ba ko kaɗan. Sai ya sauya siffa hawa uku cikin kwana goma ko sama da haka, sannan ya ɗauko kamannin iyayensa. Daga ranar ake fara ƙirga masa kwana, don haka in ka ga PL12 a takardar ciniki, ɗan kwana 12 ke nan, tsawonsa wajen santimita ɗaya. A ledar ruwa da aka hura wa iskar oksijin ake kai shi gona.

Ka ga wannan ya wuce ƙwaya. An rene shi a wani wuri, ya yi ƙwari, aka ɗauke shi zuwa inda zai girma, wato abin da manomin albasa ke kira dashe. A wurina dashe ta fi dacewa da ma'anar. To amma harshe na masu shi ne, masu kiwon tarwaɗa kuwa "'ya'yan kifi" suke cewa, kuma zuba su ake yi, ba a shuka su, ba a dasa su. Bi sawunsu ka ce 'ya'yan jatan lande. Ka ajiye "iri" sai in ana maganar nagarta, kamar ka ce an samo iri mai kyau.

Tambaya: Wata mai karatu kuma ta ce ta ji an kawo karin maganar nan, "Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta", a kan sayen 'ya'yan, tana son sanin ko ta hau.

Amsa: Ta hau, don ma'anarta ita ce alamun ƙarshe suna bayyana tun a farko. Mai saye yakan ɗebi 'ya'yan a farar roba, ya juya ruwan da hannu. Lafiyayyu za su tunkari ruwan suna iyo, raunana kuwa su taru a tsakiya kamar dusa. Yana kuma duba ko girmansu ɗaya, ko hanjinsu cike yake.

Amma ba kowace Laraba ke faɗin gaskiya ba. Cutar farin ɗigo, wadda ta ɓulla a Asiya a farkon shekarun 1990 ta kuma durƙusar da gonakin jatan lande na ƙasar Ekwado a 1999, tana iya ɓoyewa a jikin ɗan da ke iyo garau. Ido ba ya kama ta, sai gwajin ɗakin bincike. Wannan na cikin dalilan da suka sa aka fi son 'ya'yan gidan ƙyanƙyasa, fasahar da wani masani mai suna Motosaku Fujinaga ya faro a Japan a shekarun 1930, a kan waɗanda ake kamowa a bakin teku. Su na tekun akwai wata ɓarnar ma: ragar mai ƙananan idanu ce, tana kwasowa har da 'ya'yan kifaye masu ɗimbin yawa, a tsince jatan landen a watsar da sauran. Saboda haka ne Bangaladash ta haramta kamun a shekarar 2000.