Tatjana ta Tokyo da Tatjana ta Faris: mutum ɗaya ce ko biyu?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Don Allah ki raba mana gardama ni da ƙanwata. Mun ga wani bidiyo a Facebook na wata Baturiya da ta ci gasar ninkaya, ta ɗaga kai ta dubi allo sai ta fashe da kuka, an rubuta sunanta Schoenmaker. Ƙanwata ta ce ita ce Smith ɗin da ta ci zinare a Faris, ni kuma na ce mutum biyu ne. Har mun yi alkawari duk wadda ta faɗi ita za ta yi wanke-wanken mako guda. Sannan me ya sa iyonta kamar na kwaɗo, ba ta dukan ruwa kamar sauran? Daga mai karatu a Fagge.

AMSA: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Ki tanadi soso da sabulu, wanke-wanke ya hau kanki. Mutum ɗaya ce. Sunanta Tatjana, Schoenmaker sunan gidansu ne, Smith kuma na mijin da ta aura a ƙarshen 2023. Su can mace kan ɗauki sunan miji, ba kamar mu da muke riƙe na uba ba. Kuma farar fata ce, amma 'yar Afirka ta Kudu ce, an haife ta a Johannesburg a 1997, ta yi atisayenta a Pretoria a hannun koci Rocco Meiring.

Bidiyon da kuka gani na gasar Olamfik ta Tokyo ne, wadda annobar korona ta ɗage zuwa 2021. Tseren mita 200 ne, wato tsawon kwamin ninkayar sau huɗu, tunda kowane tsawo mita 50 ne. Ta gama a minti 2 da daƙiƙa 18.95, ta karya tarihin duniya da wata 'yar Denmark ta kafa tun 2013. Da ta taɓa bango ba ta ma san ta yi ba, sai da ta juyo ta ga allon. Kukan ke nan. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda Amurkawan nan biyu da ta kayar, Lilly King da Annie Lazor, suka zo suka rungume ta a cikin ruwan. Ƙasarta kuwa ta daɗe tana jira, don rabon da wata 'yar Afirka ta Kudu ta ci zinaren ninkaya a Olamfik tun Penny Heyns a Atlanta, 1996.

Batun kwaɗo kuwa kin canka daidai, ni ma iyon kwaɗo nake ce masa. Muna yara a cikin gari, idan damina ta cika kududdufin bayan unguwarmu, na kan laɓe in bi yayyena maza. Abin da muke yi bundum-bundum ne kawai, duka da hannu, duka da ƙafa, a sha ruwa a fito ido ja. Ranar da aka kama ni na sha dukan da har yau ina tunawa, kuma Inna tana da gaskiya, don ɗaya daga cikin yayyen nawa sai da ya yi fama da tsargiya. To iyon Tatjana ya yi hannun riga da wancan namu. Hannuwa biyu tare suke tafiya, ƙafafu biyu ma tare, a naɗe su a buɗe a tunkuɗa ruwa baya, sai a miƙe sambal a bar jiki ya sulale. Dole kai ya ɓullo sama a kowane zagaye, kuma dole a taɓa bango da hannu biyu lokaci guda, in ba haka ba alƙalai su soke tseren. Cikin salon ninkaya huɗu da ake gasa da su, shi ne mafi rashin sauri. Yawancin ƙarfin daga ƙafa yake fitowa, shi ya sa masu yin sa ke yawan kuka da gwiwa.

A wajen sulalewar nan Tatjana ta fi takwarorinta. Mai gaggawa da ta sake naɗe ƙafa kafin jiki ya gama tafiya, kanta take taka wa birki. Ki nemi tseren mita 100 na Faris a 2024 ki gani. Tang Qianting ta Sin ce a gaba lokacin da aka juyo, kamar an gama magana. Tatjana ta yi ta cin tazarar a hankali, ta riga ta taɓa bango a minti 1 da daƙiƙa 5.28. Ko ƙiftawar ido biyu ba a yi tsakaninsu ba.

Lissafin nata ya zo a juye. A Tokyo zinare a mita 200, azurfa a mita 100. A Faris zinare a mita 100, azurfa a mita 200, inda Kate Douglass ta Amurka ta sha gabanta. Da fitowarta daga ruwa a wannan tseren ta ce ta yi ritaya, tana da shekara 27. Saboda haka duk bidiyon tserenta da aka turo muku yanzu tsoho ne, kada ku sake sa wanke-wanke a kansa.