Adafta ta narke, dillali ya ce ba komai

Wasiƙar wannan makon daga Odesa ta jihar Teksas take. Mai ita direba ne a filayen mai, yana jiran sabunta katin izinin aikinsa. Dillalin da ya samo masa aikin ya sauke shi a tirelar kwana da aka ajiye bayan gidan wani, aka jawo mata wuta daga gareji da doguwar waya da adafta. Adaftar ta yi baƙi ta fara narkewa, kuma sau biyu wuta tana jansa idan ya kama ƙofa. Dillali ya ce ba komai, ya ƙara da cewa mai takarda a hannun hukuma ba ya yawan ƙorafi. Yayansa kuma yana ta waya a turo kuɗin kayan ɗakin ƙanwarsu.

Ɗan'uwana, kafin ka ƙarasa karanta amsar nan, je ka kashe wutar daga gareji ka zare filogin. Jan da ƙofa take yi maka ya fi narkewar adaftar tayar mini da hankali. Alama ce wayar ƙasa ta yanke ko ba a haɗa ta ba tun farko, wuta tana yawo a jikin ƙarfen tirelar, tayoyi kuma sun hana ta sauka. Ranar da aka yi ruwa ka fito alwala da silifas jiƙaƙƙu ka kama ƙofar, ta jikinka za ta bi ta sauka ƙasa.

Yanzu lissafi. Tirela irin taka an yi ta ne don soket mai amfiya 30 a kan bolt 120, wato wat 3,600. Soket ɗin gareji amfiya 15 ne, ko 20 in an yi sa'a, kuma na 15 bai wuce wat 1,800 ba. Adafta baki kawai take sauyawa don filogi ya shiga, ba ta ƙara ko amfiya ɗaya. Iyakwandishan ɗin rufin tirela shi kaɗai yana cin kusan duk abin da soket ɗin yake iya bayarwa. Ka ɗora butar shayi mai wat 1,500 a kansa, ina wutar za ta fito? Sai waya ta ɗau zafi, musamman siririyar nan ta yankan ciyawa, balle in an bar ta a nannaɗe. Mu da muka taso ana cusa tsirarar waya a soket a tokare da tsinken ashana, mun saba raina irin wannan. Amma ɗakin gida bulo ne ko laka. Tirela katako ce da roba da soso, ga tukunyar gas a gabanta.

Na san abin da dillalin zai kawo in ka matsa, domin na ga an yi wa wani yaronmu. Zai ce a mayar da kai soket ɗin injin busar da kaya, tunda shi ma amfiya 30 ne kuma tsohon samfurinsa baki uku gare shi kamar naka. Kada ka yarda. Wancan bolt 240 ne. Yaron nan cikin ƙiftawar ido ya rasa firji da na'urar cajin batir, dillali kuma ya cire kuɗin gyara daga albashinsa. Abin da ya dace shi ne mai gyaran wuta mai lasisi ya kafa soket na tirela, bolt 120, da makashinsa na amfiya 30 da waya mai kaurin lamba 10. In mai gida ya ƙi, koma sansanin tireloli na gaske, suna da yawa tsakanin Odesa da Midland. Can ma ka kashe makashin turken da ake jona wa tirela wuta kafin ka soka filogi ko ka zare, ka sayi ɗan alƙalamin gwajin wuta da na'urar da ke tantance turke kafin ta saki wuta.

Barazanar takarda kuwa, iska ce. Fayil ɗinka ba a aljihun dillali yake ba, kuma neman a gyara waya ba laifi ba ne. Abin da doka take nema gare ka shi ne in ka tashi ka sanar da USCIS, hukumar shige da fice ta Amurka, sabon adireshi cikin kwana 10 da fom AR-11, don kada katinka ya faɗa akwatin wasiƙun da shi yake riƙe da makullinsa. Ɗauki hoton adaftar, ka adana saƙonninsa.

Sai Yaya. Ina ganin girmansa, amma a nan ba na bayansa. Yana lissafa dala da naira, bai san ƙaninsa yana kwana a akwatin ƙarfe mai jan mutum ba, domin kai ma hoton babbar mota kake tura masa. Tura masa hoton adaftar. Ka ce masa kuɗin wata biyu na gyaran makwanci ne, gado da kujeru su jira. In ya yi fushi, kira Hajiya ka faɗa mata da bakinka, ka ji ko za ta zaɓi kabad a kan ɗanta.