Ku Tambaya Mu Amsa: Gawayin Jin Ɗumi

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗari ya shigo, ina so in sayi buhun gawayi saboda tsohuwarmu ta riƙa jin ɗumi da dare. An ce mini gawayin ma'adini ya fi na icce auki. Wanne zan saya? Daga wata mai karatu, unguwar Zariya, Maradi.

Amsa: Wa alaikumus salam, ƴar'uwa. Auki kam ya fi. Haƙo shi ake yi a Anu Araren, kusa da Cirozerin a jihar Agadas, inda kamfanin SONICHAR da aka kafa a 1975 yake aiki, kuma wanda ake sayar wa gidaje sai an gasa shi tukuna don a rage masa hayaƙi. Amma yana da taurin kai. Ba ya kamawa sai an shimfiɗa masa garwashin gawayin icce a ƙasa, yana son murhu mai raga da iska ke shiga ta gindi, tokarsa da yawa, zafinsa kuma yana cinye murhun ƙarfe maras kauri. Don dahuwar wake ko ganda a tsakar gida, madalla. Don ɗakin tsohuwa, a ganinmu ki tsaya ga na icce.

A na iccen ma akwai sarki akwai talaka. Na ƙirya da na marke su ne masu nauyi da daɗewa, shi ya sa maƙera ke neman ƙirya. Ki ɗauki guda biyu ki gwara: mai kyau yana ƙara ƙal-ƙal, in kin karya shi cikinsa baƙi ne mai sheƙi. In kin ga ja-ja a tsakiya, bai ƙone ba, hayaƙi zai yi. Kada ki yarda da bakin buhu, nan ake jera manya. Ki sa a zazzage miki, ki ga gari da yashin da ke gindi. Nauyi kaɗai ba shaida ba ne, jiƙaƙƙen gawayi ma nauyi gare shi. Shi za ki ji shi da sanyi a hannu, kuma yana tartsatsi a wuta.

Abin da ya fi duk wannan: a hura kaskon a waje har ya zama jan garwashi, a shigar da shi ɗaki taga a buɗe, a fitar da shi kafin a kwanta. Garwashi ko ba hayaƙi yana fitar da wata iska mai guba, ba ta da wari ba ta da launi, kuma tana kashe mai barci. Ciwon kai, jiri ko amai su ne alamunta. A fitar da mutum waje nan take, a kai shi asibiti.

Tambaya: Ina zan ajiye buhu biyu har su kai ni damina? Daga wani magidanci a Tibiri.

Amsa: Malam, ka ɗora su kan katako ko bulo, kamar taƙi ɗaya daga ƙasa, nesa da randa da murhu, domin gawayi yana shan laima. Garwashin da ya saura ka kife masa tukunya ya mutu, ba ruwa ba. Kada ka mai da shi buhu sai ya kwana. Guda ɗaya mai sauran rai ya isa ya kama buhun duka.